Buhun taki, ƙwayar magani da idon Baffa: labarin ƙofofin fotashiyam

A hutun da ya wuce, da muka koma gida Mairuwa, mun tarar da wani sauyi a tare da baffanmu. Mutanen gida sun riga sun saba da shi, mu kuwa da muka yi wata huɗu a makaranta nan take muka lura. Idan wayarsa ta yi ƙara sai ya miƙa wa yaro ya duba masa mai kiran. Idan aka ba shi canji a kasuwa sai ya ɗaga takardar kuɗin yana jujjuya ta. Muka ce, "Baffa, wai me kake gani ne?" Ya ce tsakiyar duk abin da ya kalla kamar hazo ya rufe, gefe-gefe ne kawai ke fita tar. A gida an riga an yanke hukunci: yana ce, tsufa ne, a bari ta nuna sannan a je a cire.

Ashe ba yana ba ce. Da ƙyar muka shawo kansa aka tafi asibitin ido a Kaduna, don ga kuɗin mota, ga aikin gona, ga kuma halin da hanyoyin yankinmu suke ciki, wanda ba sai mun faɗa wa ɗan Faskari ko Ƙanƙara ko Sabuwa ba. Likita ta ɗiga masa magani, ƙwayar idon ta buɗe, ta haska ciki. Madubin idon garau yake. Matsalar tana can baya, a shimfiɗar da ke karɓar haske, wadda ake kira retina: ruwa ya taru a tsakiyarta ta kumbura. Sanadin kuwa ciwon sukari ne da Baffa ya shekara da shekaru yana fama da shi.

A hanyarmu ta dawowa muka tuna wani darasi da aka yi mana a ajin nazarin aikin sassan jiki, wanda a lokacin muka haddace shi don jarrabawa kawai. Sai muka ga abubuwa uku na gidanmu sun haɗu a cikinsa: buhun takin da ke jingine a zaure, 'yar ƙwayar maganin da Baffa ke haɗiya kowace safiya, da idonsa da ya kumbura. Abin da ya haɗa su wasu ƙananan ƙofofi ne da ke jikin ƙwayoyin halittarmu, waɗanda masana ke kira Kir.

Harafin ƙarshe a jikin buhu

Duk wanda ya tashi a ƙasar masara ya san NPK. N naitirojin ne, P fosfaras, K kuwa fotashiyam. Da yawa daga cikinku sun taɓa tambayar malamin kimistiri dalilin da ya sa fotashiyam bai ɗauki harafin da sunansa ya fara da shi ba. K ɗin daga wani sunansa ne, kaliyum, wanda asalinsa kalmar Larabci ce mai nufin tokar tsirrai. Sunan nasa na Turanci ma daga tukunya da toka ya samo asali, domin mutanen da suna jiƙa toka a tukunya su tace ruwan su dafa shi ya ƙafe. Wato dai ruwan tokar da iyayenmu mata ke tacewa su zuba a girki, fotashiyam ne jigonsa. A shekarar 1807 ne Humphry Davy ya yi amfani da lantarki a Landan ya ware shi tsurarsa, ya ga ashe ƙarfe ne mai laushi da wuƙa ke yankawa. Ga wani abin da zai iya ba ku maki a muhawara: kanwa, wadda a Turancin kasuwa ake ce wa fotash, mafi yawanta gishirin sodiyam ne, ba fotashiyam ba.

Masara na buƙatarsa, mu ma haka. Muna samunsa a wake, dankali, ayaba, dabino, tumatir da ganyaye. Abin lura shi ne inda yake zama a jiki: kusan kashi 98 cikin 100 na fotashiyam ɗin jikin mutum yana cikin ƙwayoyin halitta ne, ɗan kaɗan ne ke yawo a jini. Idan ma'auninsa a cikin ƙwayar halitta ya kai wajen 140, a waje 4 zuwa 5 ne kawai. Sodiyam kuwa akasin haka: ya yi yawa a waje, ya yi kaɗan a ciki.

Wannan bambanci ba da kansa yake faruwa ba. Akwai wani ɗan famfo a fatar kowace ƙwayar halitta da ke aiki dare da rana, yana fitar da sodiyam uku, yana shigo da fotashiyam biyu, yana cin kuzarin abincin da muka ci. Jens Skou, ɗan ƙasar Denmak, shi ya gano shi a 1957 a jijiyar ƙaguwa, kuma sai bayan shekara arba'in, a 1997, aka ba shi kyautar Nobel a kai.

Ku tuna madatsar ruwanmu ta Mairuwa da ke shayar da Funtuwa. Ruwa ya taru a gefe guda na bango, ɗaya gefen kuma ƙasa-ƙasa. Muddin akwai wannan bambanci to akwai ƙarfi a ajiye, da an buɗe ƙofa ruwa zai kwarara. Haka fotashiyam yake a cikin ƙwayar halitta: a tare yake, yana neman hanyar fita. Sai dai shi yana ɗauke da cajin lantarki mai alamar tarawa. Duk wanda ya fice, sai ya bar cikin ƙwayar da ɗan ragin caji, har cikin ya koma mai alamar ɗebewa idan an gwada shi da waje. Shi kuma wannan cajin sai ya fara jawo fotashiyam ɗin baya. A wajen milibolt 90 ƙasa da sifili ƙarfin turawa da na jawowa suke yin kunnen doki. Shi ya sa ƙwayoyin jijiya da na tsoka, idan suna hutawa, ake samunsu tsakanin 70 da 90 ƙasa da sifili. Batirin tocila milibolt 1,500 ne, don haka wannan kamar ba komai ba ne. Amma da shi zuciya ke bugawa, da shi kuma kuke karanta wannan shafi.

Ƙofar da ta ƙi bin doka

A 1949, Bernard Katz yana gwaji da tsokar kwaɗo a Landan sai ya ga wani abu da ya saɓa wa abin da ake tsammani. Idan ya tura fotashiyam ya shiga cikin tsokar, sai ya wuce salin-alin. Idan ya nemi ya turo shi waje da ƙarfi, sai hanya ta toshe. Ƙofar tana son shiga, ba ta son fita. Daga nan sunan ya samo asali: K na fotashiyam, sauran haruffa biyun kuma na nufin mai karkatar da kwarara zuwa ciki. Duk wanda ya taɓa ba tayar keke iska ya san irin wannan hali a bawul: iska ta shiga, amma ba ta dawowa.

An shekara kusan arba'in ba a san me ke toshe ta ba. Da farko aka gano magniziyam na da hannu, sannan a 1994 aka gano babban mai toshewar, wasu dogayen sinadarai masu caji da ke yawo a cikin ƙwayar halitta, ciki har da wanda ake kira sifamin. Mun fi gane abin da muka kwatanta shi da kwalbati lokacin damina. A ce akwai totuwar masara tana yawo a bakin kwalbati ta gefe guda. Idan ruwa ya taho daga gefen da take, zai kwashe ta ya cusa a ramin ta toshe shi. Idan ruwan ya juyo daga ɗaya gefen, sai ya ture ta, hanya ta buɗe. Ƙofar kanta ba ta da wata dabara, totuwar ce ke aikin.

Ga inda ɗalibai da yawa ke faɗuwa, mu ma mun faɗi a gwajin farko. Duk da sunanta, a cikin jiki mai rai yawancin aikin wannan ƙofa ɗan yoyon fotashiyam ne zuwa waje. Lokacin da ƙwayar halitta ke hutawa, turawar ba ta da ƙarfi, totuwar ba ta cushe ba, don haka ɗan kaɗan na zurarewa, wannan yoyon ne kuma ke riƙe cajin a ƙasa. Amma da zarar ƙwayar ta tashi aiki, cajinta ya hau sama, sai totuwar ta toshe ramin gam. Amfanin wannan a zuciya ya fi fitowa fili. Kowace bugawa tana buƙatar tsokar zuciya ta riƙe cajinta a sama na kusan kashi ɗaya bisa huɗu na daƙiƙa don ta matse jini da kyau. Da ƙofar a buɗe take a lokacin, da cajin ya zube tun kafin a gama matsewa. Sai ta rufe ta ba da wuri, idan an gama ta buɗe ta mayar da tsokar hutu.

A 1993 aka gano ƙwayoyin gadon da ke ƙera ƙofofi biyu na farko, ɗaya daga ƙodar ɓera, ɗaya kuma a ɗakin binciken Lily Jan da mijinta Yuh Nung Jan a Kalifoniya. Yanzu an san mutum na da irinsu kimanin 15, an kasa su gida bakwai, daga Kir1 zuwa Kir7. A 1998 kuma Roderick MacKinnon ya fitar da siffar ƙofar fotashiyam dalla-dalla, ya warware wata tsohuwar tambaya: ta yaya ƙofa ke barin fotashiyam ya wuce, miliyoyi a daƙiƙa guda, amma ta hana sodiyam wanda ya fi shi ƙanƙanta? Amsar ita ce kowannensu sanye yake da rigar ruwa, kuma dole ya tuɓe ta kafin ya ratsa. An ƙera maƙogwaron ƙofar daidai jikin fotashiyam, yana tuɓewa bangon zai rungume shi. Sodiyam ya yi wa wurin kaɗan, bangon ba ya kama shi da kyau, don haka ya gwammace ya zauna da rigarsa a waje.

Can bayan ido

Retina kaurinta wajen kashi ɗaya bisa huɗu na milimita ne, amma hawa-hawa ce kamar littafi. A cikinta akwai ƙwayoyi masu kama haske: masu siffar sanda kusan miliyan 100, da ke aiki a duhu-duhu, da masu siffar mazurari kimanin miliyan 5, da ke ganin launi da ƙananan rubutu. Na biyun sun fi cunkushewa a wani ɗan wuri a tsakiya da ake kira makula. Nan ne idon Baffa ya kumbura, shi ya sa tsakiyar ganinsa ne ya dushe, gefe kuma ya tsira.

Waɗannan ƙwayoyi da jijiyoyin da ke bayansu ba sa hutawa, kuma duk motsin da suka yi sai sun zubar da fotashiyam a ɗan siririn filin da ke tsakaninsu. Filin ƙanƙane ne ƙwarai, don haka nan da nan yake cika. Idan fotashiyam ya yi yawa a waje, bambancin nan na madatsar ruwa ya ragu, batirin jijiyoyi ya lalace, su fara aika saƙon ƙarya. Dole a samu mai shara.

Mai sharar wata doguwar ƙwayar halitta ce da Heinrich Müller, wani masani Bajamushe, ya bayyana a 1851, har yau kuma da sunansa ake kiranta. Ƙwayar Müller ta ratsa retina daga sama har ƙasa kamar ginshiƙi, tana da rassa da ke taɓa jijiyoyi, tana kuma da ƙafafu da ke dafe da ƙananan hanyoyin jini da kuma ruwan nan mai kauri kamar farin ƙwai da ya cika ƙwallon ido. Jikinta cike yake da ƙofofin Kir, musamman Kir4.1, kuma sun fi yawa a ƙafafun. A 1984 Eric Newman a Amurka ya nuna yadda take aiki: inda fotashiyam ya taru a tsakiyar retina sai ya shige cikinta, daidai gwargwadonsa kuma ya fice ta ƙafafun zuwa inda ba zai yi ɓarna ba. Kamar yadda mai noman rani ke zura tiyo ya zuƙo ruwa daga sama ya gangaro da shi fadama ba tare da inji ba.

Abin bai tsaya ga gishiri ba. Kun yi osimosis a aji: inda gishiri ya tafi, ruwa zai bi shi. A ƙafafun ƙwayar Müller, kusa da Kir4.1, akwai wata ƙofar ta ruwa zalla mai suna akwaforin. Fotashiyam ya fita, ruwa ya bi bayansa zuwa cikin jini, ta haka retina ke zama ba ta jiƙe ba. Abin ya ba mu sha'awa da muka lura cewa kyautar Nobel ta kimistiri ta 2003 mutum biyu suka raba: MacKinnon na ƙofar fotashiyam, da Peter Agre da ya gano ƙofar ruwa. Ga ayyukan nasu maƙwabtan juna a bayan idon kowannenmu.

To me ciwon sukari ke yi? Babbar ɓarnarsa ita ce lalata ƙananan hanyoyin jini na retina. Shekaru na hawan sukari na sa bangonsu ya yi rauni, su fara yoyon ruwa da kitse, wasu su toshe, wasu sababbi marasa ƙwari su tsiro su fashe. Wannan shi ne ginshiƙin cutar. Amma akwai ƙari. Masu bincike a jami'ar Leipzig ta Jamus sun nuna a 2006 cewa a ɓerayen da ke da ciwon sukari, ƙofofin Kir4.1 suna barin mazauninsu na ƙafafun ƙwayar Müller, ƙarfin kwararar fotashiyam ya ragu, ƙwayar kuma ta riƙa kumbura cikin sauƙi. A ɓera aka yi gwajin, amma ya ba da haske: ruwa na ƙaruwa ta gefe guda, magudanar da za ta kwashe shi kuma ta raunana. Duk wanda ya ga unguwa bayan ruwan Agusta alhali kwata ta cushe da leda, ya san sakamakon.

Akwai wata ƙofar a ƙarƙashin wannan duka. A bayan ƙwayoyin kama haske akwai shimfiɗa ɗaya ta ƙwayoyi masu baƙin launi, waɗanda ke ciyar da su, suna kwashe tarkacensu, suna sabunta musu sinadarin bitamin A da suke gani da shi. A nan matsalar akasin ta ɗazu ce. Abin mamaki, ƙwayoyin kama haske sun fi zubar da fotashiyam a cikin duhu. Da haske ya faɗo musu sai su rage, ma'aunin fotashiyam na filin da ke tsakaninsu da baƙar shimfiɗar ya faɗi daga wajen 5 zuwa wajen 2. Sai ƙofar Kir7.1 da ke fuskar baƙar shimfiɗar ta saki nata ta cike giɓin. Kowane lokaci kuka fito daga ɗaki mai duhu zuwa tsakar rana, wannan na faruwa ba ku sani ba.

An san muhimmancinta ne daga yaran da aka haifa ba tare da ita ba. A 2011 masu bincike a Landan suka gano cewa lalacewar ƙwayar gadon da ke ƙera Kir7.1, mai suna KCNJ13, na jawo wani nau'i na makantar jarirai da likita Theodor Leber ya fara bayyanawa a 1869. Idon jaririn lafiya lau a gani, amma ba ya bin haske ko fuskar uwarsa, ƙwayar idon tana rawa, sau da yawa kuma yana yawan danna idon da yatsa. Gadonta irin na sikila ne: sai yaro ya karɓi ɓatacciyar ƙwayar daga uwa da uba duka biyu, su kuwa iyayen ba abin da ke damunsu. Cuta ce da ba ta da yawa ko kaɗan, amma kamar sauran irinta, ta fi samun hanya inda auren zumunci ya yi ta maimaituwa a dangi ɗaya. A ƙarshen 2017 Amurka ta amince da maganin gyaran ƙwayar gado na wani nau'in wannan makanta dabam, na Kir7.1 kuwa ana kan gwajinsa a ɗakunan bincike, ciki har da na jami'ar Wisconsin. Ita ma Kir4.1 idan aka haifi yaro da ita a lalace, yakan haɗu da farfaɗiya, tangaɗi a tafiya, kurumta da zubar gishiri ta ƙoda, domin ƙofa ɗaya ce ke aiki a ƙwaƙwalwa da cikin kunne da ƙoda. A 2009 aka tabbatar da haka.

Ƙwayar da ke aljihun Baffa

Maganin da Baffa ke sha sunansa gilibenkilamaid, wasu sun fi saninsa da Daonil. Da muka duba yadda yake aiki sai muka sake cin karo da dangin Kir.

A bayan tumbi akwai wata gaɓa mai suna fankiriyas, a cikinta akwai ƙwayoyin da ke sakin insulin, sinadarin da ke sa sukari ya bar jini ya shiga tsoka da sauran sassa. Ta yaya suke sanin mutum ya ci tuwo? Ta ƙofar Kir6.2. Idan ba a ci komai ba, ƙofar a buɗe take, fotashiyam na yoyo, cajin na ƙasa, ƙwayar na barci. Da sukari ya shigo, ƙwayar ta ƙona shi ta samu kuzari, sinadarin kuzarin nan da kuka sani da ATP ya ƙaru, shi ne zai je ya rufe ƙofar. Yoyo ya tsaya, caji ya hau, kalsiyam ya shigo, insulin ya fita. Frances Ashcroft ta jami'ar Oxford ce da abokan aikinta suka nuna a 1984 cewa sukari ne ke rufe wannan ƙofa.

Gilibenkilamaid rufe ƙofar yake yi da ƙarfin tsiya, ko an ci abinci ko ba a ci ba. Nan amfaninsa yake, nan kuma haɗarinsa. Idan Baffa ya sha da safe ya wuce gona bai karya ba, insulin zai fita alhali ba sukarin da zai kwashe, sai na jinin ya faɗi ƙasa warwas. Alamun su ne zufa, rawar jiki, jiri, yunwa mai tsanani, ruɗewar magana, har suma. Idan mutum na cikin hayyacinsa ana ba shi ruwan sukari ko dabino nan take, idan ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake nufa da shi. Saboda wannan ne likitoci ke son mai shan irin wannan magani ya je a duba tsarin shansa kafin watan azumi, kuma saboda wannan ne bai kamata maƙwabci ya ɗebi nasa ya ba maƙwabci ba don kawai an ce ciwonsu ɗaya.

Labarin da ya fi burge mu a duk darasin a nan yake. Akwai jariran da ke kamuwa da ciwon sukari kafin su cika wata shida, da kuwa allurar insulin ce makomarsu har abada. A 2004 tawagar Andrew Hattersley a Exeter ta Ingila, tare da Ashcroft, suka gano cewa a wasu da dama daga cikinsu ƙofar Kir6.2 ce ta ƙi rufuwa, ATP ba ya iya rufe ta. Insulin na nan, hanyar sakinsa ce ta maƙale. Tunda akwai tsohon magani mai araha da ke rufe ƙofar ta wata hanya, sai aka gwada. Rahoton 2006 ya nuna kusan tara cikin goma sun ajiye allura sun koma haɗiyar ƙwaya, sukarinsu ma ya fi daidaituwa. Mutanen da suka yi shekaru suna leƙen ƙofar da ido ba ya gani, wanda wani zai ce ɓata lokaci ne, su suka kawo wannan.

Sauran 'yan gidan ba za mu daɗe a kansu ba, amma biyu sun shafe mu kai tsaye. Kodin da tiramol, idan sun shiga ƙwaƙwalwa, ɗaya daga cikin ayyukansu shi ne buɗe ƙofofin Kir3. Fotashiyam ya fita, cajin jijiya ya faɗi, jijiyar ta yi shiru. Shi ya sa suke kashe zafin ciwo, shi ya sa kuma idan an zarce suke iya sa cibiyar da ke tafiyar da numfashi ita ma ta yi shiru, mutum ya yi barcin da ba tashi. A watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Kulorokwin kuwa, tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro, yana iya shiga ya toshe Kir2.1 ta zuciya kamar totuwar nan, wannan na cikin dalilan da yawan shansa ke rikita bugun zuciya. Shansa na tsawon shekaru kuma yana taruwa a baƙar shimfiɗar retina ya cutar da gani.

Har sauro bai tsira ba. Tana da ƙofofin Kir a bututun Malpighi, waɗanda kuka zana a bayoloji, da su take fitar da ruwa da gishiri bayan ta sha jini. Masu bincike a jami'o'in Vanderbilt da Ohio a Amurka sun samar da wani sinadari, VU041, da ke toshe su, sauron ta kasa fitsari ta kumbura. Ba a kai ga sayar da shi ba, amma ga yankin da sauro ya fara jure magungunan gidan sauro, ba ƙaramin labari ba ne.

Mu koma kan yana, don kada a ce mun raina ta. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano kashi 4.2 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, yana ce ta jawo kashi 43 cikin 100 na makantar, gilakoma na biye da kimanin 17. Don haka mutanen gidanmu da suka ce yana ce ba su yi wauta ba, ita ce aka fi gani. Kuskuren shi ne jira. Yana ko ta daɗe ana cire ta gani ya dawo. Gilakoma da ɓarnar ciwon sukari kuwa abin da suka ci ba kasafai yake dawowa ba, kuma suna iya yin nisa kafin mutum ya ji komai. Shi ya sa ake son duk mai ciwon sukari a ɗiga masa maganin buɗe ido a duba retinarsa sau ɗaya a shekara, ko da yana gani garau. Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitin ido na ECWA da ke Kano na cikin wuraren da ake tura irin waɗannan marasa lafiya daga yankinmu, inda ake da hasken lesa da allurar da ake yi a cikin ido don rage yoyo da kumburi.

An yi wa Baffa allurar farko, an ce sai ya koma. Likita ba ta ɓoye masa ba cewa wataƙila ba duk ganin ne zai dawo ba, abin da ake nema shi ne a tsare wanda ya rage, kuma ba allura kaɗai ba, sai sukari da hawan jini sun sauka. Ƙanwarmu da ke aji biyu na babbar sakandare ita aka ɗora wa aikin gwajin sukarinsa. Ta yage wa tsohon littafinta na kimistiri shafukan baya ta ja layi uku: rana, lamba, da ko ya karya kafin ya sha magani. Ranar da muka baro gida layin ƙarshe ya nuna sau biyu a mako guda ya tafi gona bai karya ba, ita kuma ta riga ta kai ƙararsa wurin Inna.